Gorin Asali: Abin Da Ya Sami Idumawa, Da Abin Da Hubbare Ke Tunatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya fitar da mutane duka daga uba ɗaya da uwa ɗaya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya taɓa shiga Hubbare a birnin Sakkwato, ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya san ba a tambayar mai ziyara ko shi ɗan wace kabila ne. Gidan nan shi ne inda Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna bayan ya taso daga Sifawa a shekarar 1815, a nan ya rasu cikin watan Afrilu na 1817, a nan kuma aka rufe shi. 'Yarsa Nana Asma'u tana kwance kusa da shi, haka nan Sarakunan Musulmi da dama, irin su Abubakar na Uku wanda ya rasu a 1988, da Muhammadu Macciɗo wanda ya rasu a 2006. Masu ziyara suna zuwa daga Kano da Bauci da Ilori da Adamawa, waɗansu kuma daga Ƙonni da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. A cikinsu akan ga dattijo mai tsagen Gobirawa daga gefen baki har kunne, ya durƙusa yana yi wa Shehu addu'a, alhali kuwa mai yiwuwa ne kakan kakansa yana cikin waɗanda suka tsare ganuwar Alƙalawa ranar da jama'ar Shehu suka ci ta.

To, a nan ne tambaya take tasowa. Mutumin da kakanninsa suka tsaya a wancan gefen fagen fama, ko wanda ya shigo addini daga baya, yaushe ne zai zama ɗan gida sosai, a daina tuna masa daga inda ya fito? Kafin a amsa wannan, ya kamata mai karatu ya ji labarin wata al'umma ta can gabas wadda ba a taɓa daina tuna mata asalinta ba, har ta ɓace daga doron ƙasa. Su ne Idumawa.

Su Wane Ne Idumawa?

Masu tarihi na Yahudawa da na Musulmi sun haɗu a kan cewa Annabi Is'haƙu, alaihis salamu, ya haifi tagwaye, watau Annabi Yaƙubu da ɗan'uwansa Isuwa, wanda littattafan Larabci ke kira Al-Isu. Alƙur'ani bai ambaci sunan Isuwa ba, amma Ɗabari da Ibnu Kasir sun kawo labarinsa, sun ce ya auri 'yar Annabi Isma'ila, an kuma ruwaito cewa Annabi Ayuba daga tsatsonsa yake. Bani Isra'ila suna ɗaukar mutanen ƙasar Edom a matsayin zuriyar wannan Isuwa. Ke nan tun fil azal su da Bani Isra'ila 'ya'yan wa da ƙane ne.

Ƙasar Edom tana kudu da Tekun Gishiri, a kudancin ƙasar Jodan ta yau, ƙasa ce mai jajayen duwatsu da kwazazzabai. Babban birninsu shi ne Bozra, inda garin Busaira yake yanzu. Arzikin ƙasar ya dogara ga abu biyu: jan ƙarfe da ake haƙowa ana narkarwa a kwarin Fainan, inda har yau tulin kashin maƙera yake jibge, da kuma ayarin fatake masu ɗauko turare daga kudancin ƙasar Larabawa suna ratsawa ta cikinta. Gunkin da suke bautawa sunansa Ƙaus, kuma suna liƙa sunansa a cikin sunayen 'ya'yansu. Rubuce-rubucen sarakunan Assuriya sun ambaci sarakunan Edom biyu da suka biya su gandu, Ƙaus-malaka da Ƙaus-gabri.

Bayan da Babila ta rushe birnin Ƙudus a shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salamu, ba a daɗe ba ita ma sarautar Edom ta faɗi a hannun Babila. Mutanenta suka yi ta gangarawa yamma, suka zauna a yankin Al-Halil, wanda ake kira Hebron, tsohuwar ƙasarsu kuwa ta koma hannun Larabawan Nabaɗawa, masu birnin Fetra. Sabon mazaunin nan shi Yunanawa suka sa wa suna Idumiya, manyan garuruwansa su ne Maresha da Adora. An sami tsingaro kusan dubu biyu daga wannan yanki, an rubuta lissafin alkama da sha'ir da mai a jikinsu da tawada, a cikin harshen Aramiya. Sunayen da ke jiki sun nuna Idumawa da Larabawa da Yahudawa suna cin kasuwa ɗaya. An kuma sami takardar ɗaurin aure ta Idumawa a Maresha, ta shekara ta 176 kafin Miladiyya, wadda tsarinta ya yi kama ƙwarai da na Yahudawa. Maƙwabta ne, dangi ne, al'adunsu ma sun kusanci juna.

An Jawo Su Cikin Gida, An Tsai Da Su A Zaure

A ƙarshen ƙarni na 2 kafin Miladiyya, shugaban Yahudawa Yohanna Hirkanus, wanda ya yi mulki daga 134 zuwa 104, ya ci Adora da Maresha da yaƙi. Marubucin tarihin nan Bayahude, Yusufus, ya ce an ba Idumawa zaɓi biyu: ko su bi dokokin addinin Yahudawa su zauna a gonakinsu, ko su bar ƙasar. Son ƙasar haihuwa ya sa mafi yawansu suka bi. Wannan tilas baƙon abu ne a tarihin Yahudawa, malamansu na baya ma ba su yarda da shigar da mutum addini da ƙarfi ba. Amma an riga an yi.

Abin da ya biyo baya shi ne wurin lura. Ba a yi shekara ɗari ba sai ga wani Ba'idume, Hirudus ɗan Antibatar, ya zama sarkin Yahudiya da goyon bayan Rumawa, ya kama Ƙudus a shekara ta 37, ya yi mulki har ya mutu a shekara ta 4 kafin Miladiyya. Tun yana neman sarautar, abokin hamayyarsa Antigonus ya yi masa gori a gaban Rumawa, ya ce bai cancanta ba domin shi Ba'idume ne, rabin Bayahude. Mai gorin nan kuwa tattaɓa-kunnen Hirkanus ne, wanda ya tilasta wa kakannin Hirudus shiga addinin. Hirudus ya sake gina babban ɗakin ibada na Ƙudus da girman da ba a taɓa gani ba, amma wannan bai wanke shi a idon masu gori ba. Shi kuma ya zama sarki mai zargi da zubar da jini, har ya kashe matarsa Maryamni da 'ya'yansa uku. Gori bai zama hanzari ga zaluncinsa ba, laifinsa yana wuyansa. Amma mai hankali zai lura cewa wanda aka hana wa natsuwa a cikin gida yakan kwana da wuƙa a ƙarƙashin matashi.

Tilas ɗin ma bai kai zuci ba. Mijin ƙanwar Hirudus, Kostobar, wanda aka ba riƙon Idumiya, ya fito ne daga gidan masu hidimar gunkin Ƙaus, kuma Yusufus ya ce ya so ya ɓalle da ƙasar, ya raba mutanensa da al'adun da aka ɗora musu. Shekaru da dama bayan an ce an gama da Ƙaus, ashe yana nan kwance a zukatan waɗansu.

Ƙarshen labarin ya fi ban tausayi. Lokacin da Yahudawa suka yi wa Rumawa tawaye, a shekara ta 68 bayan haihuwar Annabi Isa, Idumawa dubu ashirin, a lissafin Yusufus, suka taho Ƙudus da makamai bisa kiran wani ɓangare na masu tawayen. Manyan gari suka rufe musu ƙofa. Shugabansu ya tsaya a gindin ganuwa yana kukan cewa an hana 'yan'uwa shiga birnin da yake na kowa. Da dare ya yi, ana tsawa da ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka buɗe musu ta ɓoye, suka shiga da fushi suka yi kisa mai muni, har da babban malamin da ya sa a rufe ƙofar. Shekara biyu bayan haka Rumawa suka rushe birnin a kan kowa da kowa, ba su tambayi wane ne cikakke wane ne rabi ba. Daga nan sunan Idumawa ya yi ta dusashewa har ya fita daga tarihi.

Abu ɗaya ya rage a tsaye. A garin Al-Halil akwai katangar manyan duwatsu da ta kewaye kogon da ake cewa nan ne kabarin Annabi Ibrahim da Is'haƙu da Yaƙubu, watau Haramin Ibrahim. Galibin masana sun danganta ginin ga Hirudus. Wanda aka kira rabi, shi ne ya kewaye hubbaren kakan kowa, katangarsa kuwa ta haura shekara dubu biyu ba ta faɗi ba.

Gobir Da Jama'ar Shehu

Idan aka dawo gida, tarihin Gobirawa yana da wuraren da ya yi kama da wannan, yana kuma da inda ya saɓa. Su ma an tashe su daga mazauninsu na farko. Labarin da suke riƙe da shi ya nuna sun zauna a ƙasar Azbin, Abzinawa suka matso su suka yi kudu, suka zauna a Birnin Lalle, daga bisani a zamanin Sarki Babari, wajen tsakiyar ƙarni na 18, suka kafa Alƙalawa a ƙasar Zamfara. Mutane ne masu yaƙi da doki, masu sarautar Inna wadda ke shugabantar mata, masu wasan taubasantaka da Yarbawa.

A cikin ƙasarsu aka haifi Shehu, a Maratta, a shekarar 1754, a cikinta ya yi karatu ya yi wa'azi, a Ɗegel. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ranar Idi ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi abu biyar a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Mai karatu ya lura da buƙata ta biyu. Abin da Shehu ya roƙa shi ne a bar mutum ya zaɓa da kansa.

Tilas a cikin addini daga fadar Alƙalawa ta fara fitowa. Sarki Nafata ya yi shela cewa kada kowa ya yi wa'azi sai Shehu shi kaɗai, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin ubansa, maza su daina naɗa rawani, mata su daina lulluɓi. Dokar nan asali ta sa a gaba: abin da ubanka ya bi, shi za ka bi. A zamanin Yunfa aka kai wa Gimbana hari, garin wani almajirin Shehu mai suna Abdussalami. Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, aka gwabza a Tafkin Kwatto a watan Yuni, Alƙalawa kuwa ta faɗi a 1808, Yunfa ya mutu a cikinta.

Masu son taƙaita tarihi sukan ce yaƙin Fulani da Haɓe ne. Wannan magana ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Abdussalami, wanda a kansa wutar ta tashi, Ba'are ne. Malam Yakubu, wanda aka ba tuta ya kafa Bauci, ba Bafillace ba ne. A rundunar Yunfa kuma akwai Fulani da Abzinawa. Shehu da kansa, a littafinsa Bayanu Wujubil Hijra na 1806, ya lissafa fifita wata kabila a kan wata a cikin abubuwan da ke saurin rushe mulki.

Amma gaskiya ɗaya ce, ba a ɓoye ta don kunya. Bayan nasara, ba kowa ne ya ji an riƙe shi ɗan gida ba. Abdussalami, wanda ke zaune a Kware, ya yi ƙorafin cewa rabon da aka ba shi na ƙasa da iko bai kai matsayinsa na wanda ya riga shiga ba. Bayan rasuwar Shehu ya fita daga biyayya, aka yi ta musayar wasiƙu tsakaninsa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, har aka ci Kware a farkon 1818, shi kuma ya rasu sakamakon rauni. Bello ya rubuta yadda abin ya gudana a littafinsa Sardul Kalami. Tun kafin wannan, Shehu Muhammadu Al-Kanemi na Barno ya aiko da wasiƙu yana tambayar hujjar yaƙar mutanen da ke salla da azumi, Bello kuwa bai ɓoye su ba, ya sa su tare da amsoshinsu a cikin Infaƙul Maisuri. Shugabannin nan sun san tambayar tana da nauyi, shi ya sa suka bar ta a rubuce.

Gobirawa kuwa ba su ɓace ba. Sun ci gaba da turjiya har aka karya su a Gawakuke a 1836, suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya waɗansu suka kafa Sabon Birni. Yau ga su nan da sunansu da tsagensu da sarautunsu, a cikinsu akwai limamai da alƙalai da mahaddata. Ba a ce sai sun zubar da sunan Gobir kafin su tsaya a sahu ba. Wannan ne babban abin da ya raba labarinsu da na Idumawa.

Abin Da Addini Ya Hukunta

Kuskure biyu aka yi wa Idumawa, Musulunci kuwa ya toshe ƙofar kowannensu. Na farko shi ne tilas. Aya ta 256 a cikin Suratul Baƙara ta hana tilasta wa mutum shiga addini. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa dalilin saukarta shi ne waɗansu 'ya'yan mutanen Madina da suka tashi a hannun Yahudawan Banu Nadir. Da za a fitar da kabilar daga gari, iyayen suka so su riƙe 'ya'yansu a Musulunci da ƙarfi, sai aka hana su. Idan uba bai da ikon tilasta wa ɗan cikinsa imani, ina ga sarki a kan baƙin da ya ci da yaƙi? Imani aikin zuciya ne, takobi kuwa iyakarsa fata. Labarin Kostobar shaida ne.

Na biyu shi ne gori. Aya ta 13 a cikin Suratul Hujurati ta bayyana cewa an rarraba mutane dangi-dangi ne domin su san juna, ɗaukaka a wurin Allah kuwa da taƙawa take. Buhari ya ruwaito cewa Abu Zarri ya taɓa yi wa wani mutum gori da uwarsa, Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya gaya masa cewa har yanzu akwai sauran halin jahiliyya a tare da shi. Usamatu ɗan Zaidu kuma ya kashe wani a fagen yaƙi bayan ya furta kalmar shahada, yana zaton tsoro ne ya sa shi, Annabi ya yi masa faɗa mai tsanani, ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyar mutumin ya duba. Saboda haka babu rabin Musulmi a shari'a. Wanda ya musulunta jiya da wanda ya gaji malanta daga kaka bakwai, jininsu da dukiyarsu da mutuncinsu hukunci ɗaya ne.

Wani zai ce, to, a manta da asali ke nan? A'a. Sanin asali yana da amfani ga sada zumunci da rabon gado da sanin wanda aure ya haramta da shi. Salmanu bai daina zama Bafarishe ba, Bilalu bai daina zama Bahabashe ba, da waɗannan sunaye ake kiransu har yau, ba su kuwa rage musu komai ba. Abin da aka hana shi ne a mai da asali ma'auni: a hana mutum limanci alhali ya fi kowa karatu, a hana shi aure alhali an yarda da addininsa da halinsa, ko a ɗora masa laifin da wani mai irin harshensa ya aikata.

Wannan na ƙarshe shi ne abin tsoro a yanzu. Shekarun nan 'yan bindiga sun addabi ƙasar Sabon Birni da Isa da sauran gabashin Sakkwato, har a watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammadu Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Baƙin ciki ya sa waɗansu suka koma tonon tsofaffin sunaye, wannan ya ce Haɓe, wancan ya ce Fulani, ana ta jifa da su a kasuwa da cikin wayoyin hannu. Haƙƙin waɗanda aka zalunta ne a kama masu laifi a hukunta su, ko su wane ne, hukuma kuwa za ta amsa tambaya a gaban Allah a kan wannan. Amma makiyayin da aka kore wa shanu da manomin da aka ƙone wa rumbu duk abin zalunta ne, ɗan fashi bai tambayi asalin ɗayansu ba, kamar yadda Rumawa ba su tambaya ba ranar da suka shiga Ƙudus.

Aikin yana kan iyaye da malamai tun daga gida. Yaro ba ya zuwa duniya da sanin cewa wane bawa ne, wane Bamaguje ne da ya musulunta, wane kakansa ya yaƙi Shehu. A bakin manya yake ji. Limamin da ya ga ana yi wa sabon musulunta kallon baƙo a masallacinsa, wajibinsa ne ya jawo shi sahun gaba. Uban da aka zo neman 'yarsa, ya binciki salla da sana'a da hali kafin ya binciki tsage. Mai ziyara kuma, idan ya fito daga Hubbare ya sa takalmansa, ya tuna cewa mai kabarin nan a ƙasar Gobir aka haife shi, da Fulatanci da Hausa da Larabci ya yi wa'azi, kuma daga cikin abin da ya roƙi Bawa a Magami akwai a bar mutane su amsa kiran Allah da kansu, a kuma sauƙaƙa wa talaka.

Allah Ya jiƙan Shehu da jama'arsa, Ya jiƙan Musulmin Gobir na da da na yanzu, Ya kawo zaman lafiya a ƙasar Sakkwato da kewayenta, Ya tsare harsuna daga gori. Amin.